Shekara Talatin da Ɗaya Ƙeyata Na Kallon Fim

Jama'a, jiya na yi alƙalanci. Da hular da na fita da ita na dawo, amma kan da ke cikinta ya ragu. Akawu maƙwabcina, mai rubuta muku abin da nake faɗa tunda ni ban taɓa zama a aji ba, ya ce mu bar kaza cikin gashinta. Na ce ya rubuta. Gara in fige ta da hannuna kafin Tsohuwata ta fige ta a bainar jama'a.

Wanda bai san ni ba, ya tambaya. Shekara talatin da ɗaya na yi ina tsaron ƙofar sinima, har ranar da aka rushe ta aka yi shaguna. Gobara ta tashi ina tsaye. 'Yan iska sun zo da gora, sun koma ba takalmi. A bencin Mai Faci, inda muke hira, Sarkin Kallo ake kirana, kuma kujera ɗaya tilo mai majingina tawa ce, saboda babu fim ɗin da ba zan ba ka labarinsa daga fari har ƙarshe ba.

To, Mai Girma Shugaban Kwamitin Yanka Kirtani, Allah ya ƙara wa almakashinsa kaifi, ya shirya mana bikin fina-finan duniya. Aka ce ana neman alƙali ɗaya daga cikin talakawa, don a ɗauke shi hoto. Mai Faci ya kai sunana. Ba ƙauna ba ce, ya daɗe yana hararar kujerar nan.

Ina ɗaura agogona da ba ya tafiya, Tsohuwa ta tsaya a bakin ƙofa. Ita fa a ƙofar sinimar na same ta tana sayar da gyaɗa, ta san abin da benci bai sani ba.

Ta ce, “Malam, shekara talatin da ɗaya fuskarka na titi, ƙeyarka na majigi. Ƙeyar za ka kai musu ta yi alƙalancin?”

Gaskiya ta faɗa. Mai tsaron ƙofa titi yake fuskanta, don in ya juya sau ɗaya mutum goma sun shige ba tikiti. Duk fina-finan nan da kunne na kalle su, abin da kunne bai kawo ba na cike da kaina. Na ce mata zaki ba ya shawara da mai gyaɗa, na fita.

Wurin ya yi kyau, ba ƙarya. Jan kafet tun daga titi. Hoton Mai Girma ya fi allon majigin girma sau biyu. Injin haska fim ɗin kuwa tsoho ne, an ɗaure shi da roba, an tokare da bulo. Aka zaunar da ni a layin gaba, karo na farko a rayuwata ina fuskantar majigi. Mai Faci na bayana yana huro mini numfashi a wuya.

Fim na farko daga wata ƙasa mai ƙanƙara aka kawo shi. Wani dattijo ne ke fere dankali, minti arba'in. In ya yi magana sai rubutu ya fito a ƙasa, ni da rubutu kuwa sai gaisuwa daga nesa. Na sa ido kan hular Mai Girma, in ta gyaɗa in gyaɗa. Hukuncina: dankalin ya feru.

Na biyu ya fara da kyau, ana bin wani da mota. Suna kaiwa kan gada janareta ya mutu. Direban da aka aika sayen mai tun safe yana cikin layin nan da aka yi mana alkawarin ya zama tarihi. Muka yi awa guda muna fifita da takardar gayyata kafin a tsotso mai daga motar wani babba. Aka ce lokaci ya ƙure, a wuce na gaba. Hukuncina: har yanzu suna kan gadar, Allah ya sauke su lafiya.

Na uku ne ya kashe ni. Wata mata ta bayyana a bakin taga tana kallon waje. Tana nan. Sai aka ji an ɓalle ƙofa, aka yi harbi, jirgin ƙasa ya yi kuka, jariri ya tsala ihu. Matar tana nan, ko ƙifta ido ba ta yi ba. Kunnena ya ce mini, tsoho, hoton nan ya maƙale, sauti ne kawai ke tafiya. Na duba Mai Girma, na ga ya dafe haɓa yana gyaɗa kai, layin gaba duk sun dafe haɓa. Na ce wa kunnena ya yi shiru, gani ya kori ji.

Awa ɗaya da rabi muka yi da ita. Da sauti ya ƙare aka miƙo mini lasifika. Na miƙe, na gyara riga, na ce a duk kallon da na yi a duniya ban taɓa ganin 'yar wasa irin wannan ba, a yi harbi a bayanta ta ƙi waiwayawa. Ita na ba kyauta. Aka yi tafi. Mai Girma ya karɓi lasifika ya ce irin haƙurin matar nan yake son gani wurin jama'a a layin mai.

Ana cikin tafin mai fim ɗin ta shigo, baƙuwa daga ƙasarsu, motar da aka aika ɗaukarta ita ma a layin mai ta tsaya. Ta ga fuskar har yanzu a allo, ta dafe kai. Tafinta ya ce wai matar nan minti ɗaya ne nata a fim ɗin, labarin fashin jirgin ƙasa ne. Mai injin ya ce shi tun farko ya ɗaga hannu, aka ce kada ya katse wa Mai Girma kallo.

Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Na juya wa allon baya, na rufe ido, na zayyana mata fim ɗinta: 'yan fashi uku a kan dawaki, ɗaya na ɗingishi, shi ne ya ci amanar sauran, jaririn kuwa na mai gadin tasha ne. Tafinta na juyawa, idonta na buɗewa. Ta ce duk daidai, sai dai abin da na kira dawaki keken ɗinki ne.

Mai Faci ya taɓo kafaɗata. “Sarki, ya aka yi da ka juya baya ka fi gani?”

Na gyara hulata na kama hanyar gida. A gida Tsohuwa ta ba ni zaɓi, ko in faɗa da bakina ko ta je bencin da kanta. Shi ya sa yau da safe na tafi na faɗa musu komai, a tsaye, ina jiran a ce in sallama kujera. Mai Faci ya ajiye tayar da ke hannunsa, ya ɗauki kujerar ya kaɗe ta da kyau, ya juya ta tana fuskantar bango.

Ya ce, “Zauna, ranka ya daɗe. Mu ma ka kalle mu yadda ka saba.”

Na zauna. Kujera dai ba ta bar hannuna ba, ku shaida. Mai Girma kuwa na ji ya kafa kwamitin mutum goma sha biyu, su binciko dalilin da ya hana matar nan ƙifta ido. In suna neman mai tsaron ƙofa, na iya aikin, sai dai wannan karon masu fita zan riƙa lalubewa.