Yadda Za Ka Rasa Aikinka na Farko a Gure Ba Tare da Ka Ɓata wa Kowa Rai Ba

Ordinatar, wato kwamfuta. Wayar caji. Takardar difulom ɗin Dakar cikin leda. Takalmin da bai san rairayi ba. Sai alkawarin da na yi wa Madam Rahama, mai shagon cuku da kilishi a Yamai, cewa shafinta na intanet zai tashi ranar Juma'a, in ba haka ba ta ba wani. Abin da nake ɗauke da shi ke nan lokacin da mota ta wuce Gidigir ta nufi garinmu Gure. Kai ma in ka koyi gina shafi a waje, kana hanyar gida, bi matakan nan. Na ba ka tabbaci: aiki zai tafi, zumunci zai zauna.

1. Ka faɗi gaskiya game da sana'arka

Kowa yana da kawu. Nawa sunansa Barmo.

"Ina biro ɗin naku, ofishin da kuke aiki?"

"Babu biro, Kawu. A ɗaki nake yi."

"Wa ke maigidanka?"

"Babu."

"Ayya. Allah zai kawo."

Shi ke nan. Kafin la'asar unguwa ta san ka dawo ba ka da aiki. Kada ka gyara musu. Ba a gyara wa mai yi maka addu'a.

2. Ka karɓi masu sannu da zuwa

Kowane zai zo da gaisuwa a baki, salula a aljihu. Gaisuwar ta fi tsawo, salular ce dalili. Gwaggo Yabawa za ta miƙo tata: "Ɗan nan, Fesbuk ya ƙi ni." Kada ka tambayi lambar sirri. Wanda ya buɗe mata yana Libiya.

Maƙwabci Tahiru ba gyara ya kawo ba, ra'ayi ya kawo. Ya ji an ce yanzu inji ke rubuta komai. "To kai me ya kai ka Dakar?" Zuba masa shayi. Mai ra'ayi ba ya tashi sai an yi zubi na uku.

3. Ka raba batir

Za a ɗauke wuta. Wani zai gano cewa ordinatar tana da ƙofofi a gefe, kuma salula tana shan caji ta nan. Wannan ne karo na farko da dangi za su ga amfanin karatunka. Kada ka hana su murna.

4. Ka nemi rezo inda za a gan ka

Rezon kirki, mai kama intanet, yana kan tudu, bayan gida. Hau can ka zauna, ka ƙura wa allo ido. Masu wucewa za su kai rahoto: yaron Dakar yana zaune a rana yana magana shi kaɗai. Gwaggo za ta aiko da rubutu. Sha. Ba ya gyara shafi, amma akwai ƙishirwa.

5. Ka yarda a aike ka

Nan ne asirin. A gidanmu mai noma yana gona, mai kiwo yana daji, mai biro yana biro. Wanda yake zaune shi ne ƙafar dangi. Ta'aziyya a Gidigir, kai. Dubiya, kai. Rakiyar buhun hatsi zuwa tasha, kai. Kada ka ce kana aiki. An leƙo an ga yatsu kawai ke motsi.

Ranar Laraba Madam za ta kira, ta fara da Faransancinta na girmamawa. "Mushe, na buɗe shafin, hoton kilishi ya rufe lambar waya." Ce mata kana wurin gaisuwar mutuwa. Za ta yi maka ta'aziyya. Za ta kuma tuna maka Juma'a.

6. Ka ƙarasa

Alhamis da safe Kawu zai tsaya bakin ɗaki riƙe da igiya. A ƙarshen igiyar akwai rago.

"Suna ne a Kelle, gidan ɗan'uwanmu Illa. Ka kai, ka kwana, ka wakilce mu."

"Kawu, gobe zan miƙa aiki."

"Aikin ba a jaka yake ba? Tafi da shi."

Karɓi igiyar. Ka gama. Kowa zai ce Dakar ba ta lalata ka ba.

Gargaɗi

Duk abin da ya biyo baya, kai ka jiyo. Ban san ka ba, ban aike ka ba. Mataki na shida ma ban gwada shi ba, don haka kada a kawo mini ƙara. Ni dai na dubi ragon, na dubi Kawu, na ce ya yi haƙuri. Ya ce in maimaita, bai ji ba. Gwaggo ta fito daga madafa tana salati. Na ja ƙofa na sa sakata, da rana tsaka, a gidan da ba a taɓa yi ba.

Ta bayan ƙyauren na maimaita masa: "Ba zan je Kelle ba, Kawu. Ina aiki."