Ranar da Na So Ɗaura wa Jirgin Alhaji Waya

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so, domin mutanen Ajingi sun ɗauki alkawarin tuna mini: ranar da jirgi mai saukar ungulu ya sauka a filin ƙwallon makarantarmu, ya kuma ƙi tashi.

Ni malamin Fiziks ne a wata sakandare da ke bakin gari. Na daɗe a aikin har alli ya fara shafe mini zanen yatsu. A takarda ni ne shugaban sashen kimiyya (sashen kuwa ni ne, sai wani kabad mai ƙafa uku da muka tokare da bulo). A cikin gari kuma, tunda an ji ina ambaton lantarki a aji, ni ake nema idan fankar masallaci ta tsaya ko firjin mai ƙanƙara ya fara ƙauri. Ban taɓa cewa na iya ba. Ban dai taɓa cewa ban iya ba, wanda kusan duk ɗaya ne.

Duk wanda ya tashi a yankinmu ya san ƙa'idar gyara: abu ba ya mutuwa, sai dai ya suma. Mota idan ta ƙi tashi a tura ta. Rediyo idan ta yi shiru a mare ta. Fiyus idan ya ƙone a zare silin waya a ɗaura, wuta ta dawo, a yi hamdala. Sabon fiyus sai an je Gaya, wani lokaci sai Kano, kuma wa zai hau mota saboda abin da bai kai ɗan yatsa ba? Haka muka tashi, haka muke yi, kuma yawancinmu muna raye.

To, akwai wani attajiri, tsohon ɗalibin makarantar, ɗan wani ƙauye kusa da Toranke, wanda ya tafi kudu da jaka ɗaya, Allah ya yi masa buɗi. Alhaji kawai zan kira shi. Ya yi alkawarin kafa mana ɗakin kwamfuta da sola. Da gwaggonsa ta rasu, sai ya ɗauko hayar jirgi ya zo ta'aziyya, ya ce zai biyo ya ga ɗakin da kuma malamin da zai riƙe shi. Shugaban makaranta ya riga ya raɗa mini cewa ni ne zan riƙe makulli.

Kada mai karatu ya raina makullin nan. Shekara da shekaru ina zana kwamfuta a allo, ina cewa yara su ƙaddara wannan akwatin yana haske. Ritaya ta fara leƙo ni. Ina son kafin in tafi in ga ɗalibi ya danna wani abu a gabana ya amsa. (Ina kuma son ɗaki mai fanka, ban ɓoye ba.) Har sabon kaftani na ɗinka.

Ranar ta zo da zafin bazara irin wanda ke sa ƙadangare neman inuwa. Tun hantsi muka jera yara a rana. Da jirgin ya sauko, hulunan manyan gari suka tashi sama gaba ɗaya, kowa ya bi tasa, ban da Liman da rawani ya cece shi. Ni aka ba lasifika, na yi maraba da Hausa, na maimaita da Turanci don kada Turancin ya yi tsatsa. Alhaji mutum ne mai fara'a. Ya leƙa ɗakin daga ƙofa, ya ga mun share mun yi fenti, ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Malam, amanar ɗakin nan a wuyanka take." Na ji kaftanina ya ƙara sabunta.

Aka yi sallama. Liman ya yi doguwar addu'ar Allah ya kiyaye hanya, yara suka yi waƙar ban kwana, Alhaji ya shiga, muka ɗaga hannu. Fukafukan suka fara juyawa, muka dafe huluna (mun ɗau darasi). Suka juya, suka juya, sai suka rage gudu, suka tsaya.

Ga hannayenmu a sama. A al'adarmu ba a juya wa baƙo baya sai ya ɓace, to ga baƙo an yi masa rakiya, an yi masa addu'a, yana zaune yana kallonmu ta gilashi. Ba wanda ya san ko ya sauke hannu ko ya ci gaba. Liman ya matso ya tambaye ni a hankali ko ya sake addu'ar, wai yana zargin ya tsallake wani wuri.

Daga cikin jirgin wani mutum ya sauko, mai furfura a gemu, da alamar wanda ya gaji da duniya tun kafin ya zo Ajingi. Shi ne injiniyan jirgin. Ya yi magana da matuƙi, ya buɗe wata 'yar ƙofa a gefe, ya leƙa, ya girgiza kai. Kafin labari ya kai layin baya ya riga ya zama batir ne ya mutu. Samari suka fara naɗe ƙafar wando suna tambayar ta wane gefe ake turawa.

Wanda abin ya fi damu shi ne Dagaci. A wurinmu abin hawan baƙo idan ya lalace a ƙofarka, kunyarka ce, ba tasa ba. Ba a barin baƙo ya kwanta ƙarƙashin motarsa masu gida na tsaye. Dagaci ya ce kafin la'asar labari zai kai Kademi, ranar kasuwa kuma mutanen Gaya za su ce jirgi ya zo Ajingi ya kamu da ciwo. Sai ya waiga ya ce, "Ina malamin nan namu na lantarki?" Shugaban makaranta ya taɓa ni da gwiwar hannu, ya ce, "Malam, ga dama ta samu. Nuna masa wanda ya ba amana."

Na karanta littattafai da yawa a rayuwata, kuma kusan kowanne ya yi gargaɗi a kan irin wannan lokacin. Babu wanda ya zo mini a rai. Abin da na ji kawai shi ne an kira ni a gaban gari. Na miƙa lasifika, na nufi babur ɗina, na ɗauko testa da filaya da salatif da guntun waya daga ƙarƙashin kujera. Na ratsa filin nan jama'a na darewa. A hanya ma na feɗe bakin wayar da haƙori, don kada a ɓata wa baƙo lokaci.

Injiniya ya amsa sallamata da ladabi. Da na tambayi abin da ke faruwa, bai kore ni ba (da ya kore ni, da ya yi mini gata). Ya yi mini bayani da Hausa mai sanyi. Ya ce akwai wani ɗan maɓalli mai yanke wuta, kamar fiyus, shi ne ya faɗo. Ya ce a irin wannan jirgin an gano wata 'yar na'ura a cikin kayan wutarsa da kan yi zafi fiye da kima, don haka masu ƙera shi da hukumar da ke kula da jiragen sama suka ba da umarni: idan maɓallin nan ya faɗo, kada a mayar da shi, kada a tashi, sai an cire na'urar an sa wadda aka tantance, kuma mai lasisi ne zai sa, ya sa hannu da sunansa. Ya ce zai kira Kano a kawo.

Duk wannan bayanin, kalma biyu kawai suka shiga kunnena: kamar fiyus. Na ji tausayin bawan Allah. Ga ilimi, ga furfura, amma bai san dabara ba.

Na ɗaga wayata sama yadda Alhaji, wanda ya sauko ya tsaya a bayanmu, zai gani, na ce, "Injiniya, ai wannan ƙaramin alhaki ne. A ɗaure shi da waya ya kai ku Kano, can sai ku sa sabo a tsanake."

Ya dubi wayar, ya dubi sawun haƙorina a jikinta. Sannan ya ce, "Malam, a gidanka idan ka ɗaura, wayar ta yi zafi ta fara hayaƙi, me kake yi?"

Na ce, "Sai in fita waje in sha iska, ta huce."

Ya ɗaga kai ya kalli sama, ya ce, "To, mu wajen namu da ɗan nisa."

Da a nan abin ya tsaya, da na haɗiye, in ce rana ce ta buge ni. Amma Alhaji mutumin kirki ne, kuma kirkinsa ne ya ƙarasa ni. Ya yi dariya, ya ce ai Malam zolaya yake, gwada Injiniya yake yi, halin malamai ne. Don ya tabbatar wa kowa, sai ya juya ga 'yan ajin ƙarshe da ke jere a kusa, ya ɗaga murya: "Ku ɗaliban Malam, idan fiyus ya ƙone, me ake yi?"

Wallahi hankalina kwanciya ya yi. Kowace shekara ina rubuta amsar nan a allo, ina ja mata layi biyu: a nemo dalilin ƙonewar, a gyara, a sa sabo daidai ƙarfin tsohon. Yaran nan sun rubuta ta a jarrabawa, na ba su maki da jan biro. Abin da ban lissafa ba shi ne, waccan amsar da Turanci take, kuma ta takarda ce. Yanzu babba ne ya tambaye su da Hausa, a fili, kamar mai son sanin gaskiya.

Suka haɗa baki, da irin muryar nan da na yi shekaru ina horar da su a kai: "A ɗaura waya!"

Shugabar ɗalibai mata, yarinya mai hankali wadda ba ta son a ba da amsa rabi, ta ɗan rusuna ta ƙara da cewa idan siririyar waya tana yawan ƙonewa, Malam yakan ninka ta biyu.

Ba wanda ya yi dariya, abin da ya fi ciwo ke nan. Dagaci ma gyaɗa kai yake yi, yana jin daɗin yaran garinsa sun amsa da murya ɗaya. Alhaji ya daina murmushi. Ya tambayi shugaban makaranta a ina akwatin wutar ɗakin kwamfutar yake, ya roƙi Injiniya ya raka shi. Na bi su a baya da filayata, kamar mai rakiyar gawar kansa.

Akwatin yana bayan ƙofa, shi ya sa fenti bai kai gare shi ba. Injiniya ya buɗe da bakin biro. A ciki akwai tarihin aikina gaba ɗaya: waya a kan waya, wata ta yi kore, wata ta yi baƙi, bango ya yi tabon hayaƙi, a gurbi na ƙarshe kuma ƙusa ce (ranar waya ta ƙare mini, kuma ana tsakiyar jarrabawa). Injiniya ya mayar da bironsa aljihu. Ya ja da baya taki ɗaya, ya kama hannun rigar Alhaji ya janye shi a hankali.

Da yamma aka turo mota daga Gaya ta ɗauki Alhaji. Ya yi mini sallama da hannu ɗaya.

Jirgin ya yi kwanaki a filinmu. Aka hana ƙwallo, aka sa 'yan sanda gadi, awaki suka gano inuwarsa, mutane suna zuwa daga ƙauyuka a kan babura suna ɗaukar hoto. Ni kuwa hanyar ajina ta gabansa take. Kullum da safe Injiniya zai gaishe ni da "Malam, an tashi lafiya?" da cikakken ladabi, ni kuma in gwammace ya zage ni. Daga baya aka kawo na'urar a ɗan kwali da bai fi na ashana ba. Ya sa, ya gwada, ya sake gwadawa, ya sa hannu, suka tashi. Wannan karon ban ɗaga hannu ba sai da na ga ƙafafun jirgin sun rabu da ƙasa.

Alhaji ya cika alkawari. Kwamfutoci sun zo, sola ta zo. Sai dai saƙo ya biyo su da sharaɗi biyu: daga Kano za a zo a sake wayoyin ginin, kuma makulli ya zauna a hannun malamin da ba ya taɓa kayan wuta. Aka ba Malam Sani na Tarihi, mutumin da ko ƙwan fitila zai canja sai ya yi alwala ya bar wasiyya. Yanzu idan ina son shiga da ɗalibaina, sai in je ofishinsa in nemi izini, ya buɗe mana, ya zauna a bakin ƙofa yana kallon hannuwana.

Na yi ta tunani a kan wanda zan ɗora wa laifi. Na gwada Dagaci, na gwada nisan Kano, na gwada gwamnati (ita tana ɗaukar kowane laifi ba ta gajiya). Duk ba su zauna ba. Abin da na koya, a makare kamar yawancin karatuna, shi ne yaro yana rubuta abin da bakinka ya faɗa don ya ci jarrabawa, amma abin da hannunka ya yi shi yake tafiya da shi gida. Na kuma koyi cewa wata dokar ba don masu ita sun rasa dabara aka kafa ta ba, don sun binne masu dabara ne.

Yanzu idan fiyus ya ƙone a gidana, sai mu zauna a haka har a samu mai zuwa Gaya. Maiɗakina takan zauna tana fifita da murfin tukunya, ta ce duk unguwar nan mu kaɗai ne ba mu da wuta, kuma mu kaɗai ne ke da malamin lantarki. Ni dai ba na tanka mata. Na riga na yi magana a gaban jama'a sau ɗaya, ta ishe ni.