Ranar Da Na Yanki Kati Don In Ga Mijina

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na yanki kati a asibiti, na zauna a benci cikin marasa lafiya alhali lafiyata ƙalau, don kawai in ga mijina ba. Har yau idan na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

Rabin laifin na littattafai ne. A Mubi na tashi, babana yana da shagon atamfa a kasuwa, kuma tun ina 'yar sakandare nake hayar littattafan soyayya ina karantawa a ɓoye. A cikinsu na fara sanin likita: dogo, mai farar riga, mai sanyin murya, wanda duk faɗin asibitin ba shi da mara lafiya sai yarinya ɗaya, ita ce kuma zai aura a shafin ƙarshe. Don haka da aka ce wani likita ɗan Mugulbu yana nemana, ban tsaya dogon tunani ba. (Ƙawayena cewa suka yi na tsinci dami a kala.)

Ba zan ce an yaudare ni ba. Gida mai kyau ya kai ni, ga firji cike, ga mota. Abin da babu a gidan shi ne maigidan. Ya shafe shekara da shekaru yana karatu a Maiduguri, na ɗauka an gama, ashe akwai wani karatun na ƙwarewa, jarrabawa na bin jarrabawa. Idan ba ya asibiti yana kan littafi, idan ya rufe littafi waya ta yi ƙara. Na taɓa ce masa na yi kewarsa, ya ce in yi haƙuri. Da la'asar sai ga sabon injin wanki an sauke mini a tsakar gida.

A hankali wata tambaya ta shiga raina ta zauna. Mutumin nan, idan ba a gidansa ya tarar da ni ba, zai iya gane ni a cikin mata kuwa? A littattafaina saurayi yana gane masoyiyarsa da ƙwayar ido kaɗai. Sai na yanke shawarar in gwada. Na kuma yi wa kaina alkawari: idan ya gane ni zan ci gaba da haƙuri, idan bai gane ni ba, gidanmu zan wuce daga asibitin.

Na aro niƙabi wajen maƙwabciyata, na rangaɗa kwalli, na fesa turaren da shi da kansa ya saya mini. A wajen yankar kati na ce sunana Zinatu. (Sunan ya yi mini kama da na wadda ake yi wa kuka.) Har abin da zan faɗa na haddace a gaban madubi: “Likita, zuciyata ce ke ciwo, kuma a hannunka maganin yake.”

Ban daɗe da zama ba wata tsohuwa ta zo ta zauna kusa da ni, siririya, da taɓon damina a takalminta na roba. Na juya na dube ta. Dada ce, mahaifiyar mijina.

Shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta kama sunansa, ba ta taɓa kwana a gidansa ba, idan muka je Mugulbu ma gefe take kallo tana amsa gaisuwarsa. Ni a zatona mace ce mai sanyin zuciya. Ta dube ni, ta yi magana da Hausarta da Fillanci ya tanƙwara.

“Sannu 'yata. Ina ne yana ciwo?”

Don kada ta ji muryata, na nuna wuyana, na yi wani ɗan gurnani kamar akuyar da ta haɗiyi ƙashi.

“Wayyo, wuya. Allah ya sawwaƙe. Ni ba ciwo sosai, ƙafa ne, tsufa ne. Kowane wata ina zuwa.” Ta nuna ƙofa da haɓa. “Likita na ciki, yaron gidanmu ne.”

Wataƙila don ta ga ba ni da bakin da zan kai maganar wani wuri, sai ta ci gaba, idonta a ƙasa. Ta ce tun yana ƙarami makaranta ta ɗauke shi. Shanu suka tafi ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya yi kuka. Babansa ya rasu yana tsakiyar jarrabawa, suka ɓoye masa har ya gama, ya dawo ya tarar ciyawa ta fito a kan kabari.

“Yanzu ya gina mini gida da tayil, ƙafana yana zamewa a kai. Ƙannensa sun ajiye fartanya, suna zaune suna jira waya ya yi ƙara. Kowa ya samu abu a wajensa. Gidansa ba zan je in zauna ba, da kunya. Amma a nan dole ne ya riƙe hannuna ya ji jini yana tafiya. Ya ce, Dada kin ci abinci? Shi ke nan, sai in hau mota in koma.”

Ta gyara mayafinta.

“Matarsa ne nake tausayi. Ni dai na ga ƙuruciyarsa, na goya shi. Ita me ta gani? Bayansa kawai, yana fita.”

Hawaye suka jiƙa niƙabin aro. Ina neman hanyar sulalewa sai ga nas ta leƙo, wata 'yar Michika da ta san ni sarai, ta ce Dada ta shigo. Dada ta ce a'a, wai na fi ta jin jiki. Kafin in yi motsi ta kama damtsena, ta ja ni har cikin ɗakin.

Yana ganinta ya miƙe.

“Dada, ba na ce ki daina bin layi ba? Ki sa a kira ni in turo mota.”

“Bar wannan. Duba 'yar mutane, wuya ne, magana ma ba ya fita.”

Ya karɓi katina. “Malama Zinatu, zauna.” Ya matso, ya sa yatsa ya ja fatar idona ƙasa, ya leƙa ciki. Na ƙura masa ido. Ga idona ga nasa, kamar yadda aka rubuta a kowane littafi da na taɓa haya.

“Jininki bai yi ƙasa ba,” in ji shi. Ya ɗan ja hanci. “Amma ki rage turare mai ƙarfi, shi ma yana tayar da maƙogwaro. Ɗaga niƙabin ki buɗe baki.”

Babu ƙofar gudu. Dada na riƙe da kafaɗata tana cewa in daure. Na ɗaga.

“Yesu! Madam!” in ji nas.

Ɗan katakon danne harshe ya tsaya a iska a hannunsa. Ni kuwa, duk zancen zuciya da maganin da na haddace ya bi ruwa. Bakina a buɗe, abin da ya fito shi ne, “Aaa.”

Amma ba wannan ce kunyar da ta fi ci mini rai ba. Hannun Dada ya sauka daga kafaɗata. Ta juya ta fuskanci bango, ta ja mayafi ta rufe bakinta. Matar da ta shekara arba'in tana ɓoye son ɗanta, yau ta zazzage shi gaban surukarta, kuma ni na zauna na kwashe ban ce uffan ba. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da ban jira an ce in shiga ba.

“Me ya faru?” in ji mijina. “Wani abu ne ya samu gida?”

Dada ce ta amsa, fuskarta na bango.

“Ba abin da ya samu gida. Ita ma layi ya zo bi, irin nawa.”

Ya koma ya zauna a hankali, ya cire tabarau. A ranar na lura furfura ta fara fito masa a gefen kunne, idanunsa kuma jajur kamar na wanda ya manta yadda ake barci. (Ni da na zo gwada ko yana kallona, ban san yaushe rabon da in kalle shi ba.) Ya buɗe baki zai yi magana, sai aka buga ƙofa da ƙarfi: an kawo mai naƙuda daga Sahuda, jini ya ɓalle mata. Ya dube ni, ya dubi mahaifiyarsa, ya ce, “Ku yafe mini.” Ya fita da gudu.

A bakin asibiti na tsaya da niƙabi a hannu, Dada na gefena. Bai gane ni ba, kuma na san alkawarin da na ɗauka. Mai keke ya tsaya yana tambayar ina za a kai mu. Ina shirin faɗin unguwar iyayena sai Dada ta riga ni, ba tare da ta dube ni ba.

“Mu je gidanki. Ki dafa mini shayi.”

Gidan muka je. Ranar ya dawo kafin magariba, abin da na manta rabonsa da yi. Bai hau kujera ba, ya zauna a tabarma tsakaninmu, na zuba masa tuwo. Ya fara cewa, “Ni ban san…” sai kansa ya sunkuya. Barci ya ɗauke shi da loma a hannu. Na yunƙura zan tashe shi, Dada ta girgiza kai. Haka muka zauna muna kallonsa har aka kira salla.

Ba zan yi muku ƙarya in ce ya canja kamar mazan littafi ba. Har yanzu waya na ƙara, har yanzu yana fita. Sai dai yanzu idan wata ya kama, a gidana Dada take sauka. Mu biyu muke jiransa. Wata rana ya zo, wata rana mu ci abincinmu mu yi hira.

Darasin da na ɗauka bai da yawa. Idan kina da tambaya ga mijinki, ki yi masa ita da fuskarki a buɗe, ko da zai yi barci kafin ki kai aya. Kuma kafin ki naɗa wa kanki sarautar masu kewa, ki waiwaya ki ga wa ya riga ki zuwa layin.