Ƙwallo Sai Ta Bi Ta Hannun Lawal

"Ni a hannun Indiyawa na koyi hoki, ƙwallon nan da ake bugawa da sanda," in ji Malam Maliki, babban akawun ma'aikatarmu. "A ba ni wata guda in horar da 'yan wasanmu. In 'yan Rigasa suka ci mu, a aske mini gashin baki!"

Ni Ladidi shekara goma sha ɗaya ina share ofishinsa, ban taɓa ganin ya yi gudu ba sai in lokacin tashi ya yi. Amma babban sakatare ya ce in an yi nasara Maliki ne zai kai 'yan wasa Legas. Kafin a taɓa sanda, Sarkin Cika-baki har ya ɗinka kwat.

A filin Kurmin Mashi ya jera su, ina kai musu ruwa ina ji.

"Buɗe fili ba wuya. Kowa da teburinsa! Ƙwallo fayil ce: daga Istifanus masinja sai mai tafireta, sai ƙaramin akawu Lawal, sannan ta iso wurina in sa hannu. Wanda ya tsallake na gabansa, takardar gargaɗi!"

Na ce, "Malam, in mace ta ɗauko tulu, 'yar'uwarta taryar ta take yi, ba ta kafewa a gindin randa."

"Iya, tsintsiya ce fanninki."

To, madalla.

Ranar wasa 'yan Rigasa kamar tururuwa: wannan ya janye mutum, wancan ya sulale ta gurbin da ya bari, na uku na biye yana jiran a miƙo. Namu kuwa turakun awaki. Suka zura mana ɗaya, biyu, har biyar! Maliki na tsaye a teburinsa yana jiran fayil.

Tausayi ya kama babban sakatare, ya ɗaga murya: "Ko ɗaya ku rama, a je Legas!"

Sai ga Istifanus da ƙwallo a bakin raga, mai tsaron gida ya zame yana kwance. Istifanus ya taka burki.

"Buga mana!" in ji Maliki.

"Yallaɓai, Malam Lawal ya zaga bayan gida. Ka ce kar a tsallake shi."

"Na yafe! Buga, don Allah!"

"A rubuce, yallaɓai?"

Fiiit! Alƙalin wasa ya busa tashi.

Ranar Litinin ni na kwashe gashin bakin daga ƙarƙashin tebur. Ai ya faɗa, tsintsiya ce fannina.