Yadda Ake Ƙwato Igiyar Saje a Kotu

Kai ɗan sandan birni mai igiya biyu da ciwon baya, an yi jarrabawar ƙarin girma an tsallake ka? Share hawayenka. In ka bi hanyar nan sau da ƙafa, na yi maka alkawari igiya uku sai sun shigo gidanku. Da idona na ga ta yi aiki a rundunarmu ta San Ciriaco, nan jihar Jalisco, a kan Kofur Nemesio Barragán. Ni ma kofur ne a lokacin, kuma a kofur na yi ritaya albarkacinsa, Allah ya saka mini. Don haka ba labarin ƙanzon kurege zan ba ka ba.

Mataki na ɗaya: Cika baki a gaban jama'a

Tun kafin sakamako ya fito, ka yi rantsuwa a inda ba za ka iya janye ta ba. Nemesio a rumfar taco, wainar masarar nan mai nama, ta bakin kasuwa ya yi tasa. 'Yarsa tilo, Maricruz, ta kusa cika sha biyar, kuma kowa ya san ranar bikin sha biyar uba ne ke buɗe rawa da 'yarsa. Ya miƙe, maiƙo a gashin baki, ya ce, "Ku shaida, da igiya uku zan taka rawa da Maricruz. Ba igiya uku, ba rawa!"

Muka tafa masa, don shi ne ya sayi tacon ranar. Sati ya zagayo sakamako ya fito. Gurbin saje ɗaya ne, kuma Eleuterio Gudiño, mai sintiri da keke, shi ya samu.

Mataki na biyu: Zaɓi wanda za ka yi fushi da shi

Kada ka ɓata fushinka a kan hukumar jarrabawa, ko fuskokinsu ba ka sani ba. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Nemi na kusa da kai, wanda zai ji zafin abin.

Nemesio ya yi sa'a a nan, domin Eleuterio compadrensa ne, wato shi ya riƙe Maricruz a hannu ranar baftismarta. Bawan Allah ya zo har gida yana jan bunsuru.

"Compadre, ranar Asabar za a jiƙa igiya. Ga bunsurun farfesun birria na saya. Kai nake so ka fara tsoma ta a kofin giyar tequila, ba wani ba."

Nemesio ya cire hula, ya rungume shi da hannu biyu. "Compadre, na taya ka murna da zuciya ɗaya. Ka gaishe mini da comadre uwargida. Mu haɗu a kotu."

Lura da ladabin nan. Compadre ba a zaginsa, ƙara kawai ake kai shi.

Mataki na uku: Samo lauya, samo amparo

Lauyan da kake nema shi ne wanda bai taɓa cin shari'a ba, bai kuma taɓa faɗuwa ba, saboda babu wadda ya taɓa gamawa. Namu Lauya Quiroz ne, ofishinsa na saman shagon mai takalma. Ya shafa gemu ya zaƙulo hujjoji: ranar gwajin gudu iska tana bayan Eleuterio, kuma mai hura usur ɗan'uwan matarsa ne. A San Ciriaco kowa ɗan'uwan matar wani ne, amma alƙalin baƙo ne, bai sani ba.

Sai aka samo amparo, umarnin alƙali cewa komai ya tsaya yadda yake har a yanke hukunci. Wayyo, ranar nan! Tela ya warware igiyar da ya fara ɗinka wa Eleuterio. Eleuterio ya koma kan kekensa. Ƙofar saje ta rufe a kan kowane kofur na rundunar, har da ni da ban san hawa ba ban san sauka ba. Wannan shi ne a fasa kowa ya rasa, kuma in ka kai nan, rabin aikinka ya kammala.

Kada ka manta da bunsuru. Quiroz ya gano cewa tun kafin sakamako ya fito aka saye shi, wato Eleuterio ya san zai ci ke nan. Kotu ta karɓi bunsuru a matsayin shaida, ta ba da ajiyarsa a farfajiyar caji ofis, ta hana kowa kusantarsa da wuƙa.

Mataki na huɗu: Kada ka taka rawa

Nan ne masu raunin zuciya ke zubewa. Ranar biki ta zo, makaɗan mariachi sun gyara ƙaho, Maricruz ta fito cikin doguwar riga ruwan hoda. Quiroz, wanda ba a gayyata ba amma ya riga kowa zuwa teburin abinci, ya raɗa wa Nemesio, "Kofur, in ka taka da igiya biyu, ka amsa a bainar jama'a cewa kai kofur ne. Lauyan hukuma zai kawo hoton kotu."

Doña Chayo, matar Nemesio, ta zo ta tsaya a kansa. "Tsoho, tashi, yarinya tana jiranka."

"Magana tana gaban alƙali, Chayo."

"Alƙalin ne ya haife ta? Ka tashi kafin in kife maka tukunyar nan a ka!"

Ya riƙe kujera gam. Maricruz tana tsaye ita kaɗai a tsakiyar fili, mariachi sun maimaita farkon kiɗan har ya fara isar mutane. Can Eleuterio ya tashi, ya zo ya rusuna. "Da izininka, compadre." Ya kama hannun yarinya suka zaga fili. Ba ta yi kuka ba, sai dai duk juyin da suka yi idonta na kan ubanta. Ni ina wurin, kuma wallahi abincin bai shiga mini ba. Nemesio ma ransa ya sosu, amma ya dake, ya ce wa na kusa da shi barkono ne ya shiga masa ido.

Mataki na biyar: Koyi zaman benci

Shari'a mace ce mai ciki, ba a san abin da za ta haifa ba, ta San Ciriaco kuwa ko ranar haihuwa ba ta da ita. An ɗage zama saboda alƙali ya tafi hutu. An ɗage saboda ya dawo da gajiyar hutu. An ɗage saboda an sauya shi, sabon kuma ya ce sai ya ga shaida da idonsa. Aka kawo shaida a bayan motar sintiri, shaida ta tunkuyi akawun kotu, aka ɗage har akawu ya warke.

Za ka ga abokan aiki sun daina amsa gaisuwarka. Kada ka damu, hassada ce. Mu muka rinƙa sa wa Nemesio gishiri a kofi, shi kuma ya ce ai da ma haka yake son sa. Bunsuru kuwa ya yi ƙiba, ya yi gemu, ya san lokacin fareti. Muka raɗa masa suna Saje, tunda shi kaɗai ne ke ci gaba a gidan.

Shekara goma sha ɗaya aka kwashe. Nemesio ya shafe su a bencin kotu yana cin taco tsakanin ɗage da ɗage, har bel ɗinsa ya nemi ƙarin huji. Eleuterio, da yake kotu ta ce komai ya tsaya yadda yake, bai sauka daga keke ba. Maricruz kuma ta gama makaranta, ta shiga aikin ɗan sanda ba ta shawarci kowa ba, ta kai kofur. Ta zo ƙofar saje ta tarar ubanta ya sa mata kwaɗo. A gida gaisuwa ce kawai ke haɗa su.

Mataki na shida: Ci nasara

Mai haƙuri yakan dafa dutse. Wata safiya alƙali na huɗu, wanda ya gaji da warin shaida, ya yanke hukunci: Nemesio ya yi gaskiya, jarrabawar ta rushe, a sake ta daga farko, kuma duk wani kofur na rundunar yana iya shiga. Quiroz ya fashe da kuka, don bai taɓa ganin ƙarshen shari'a ba. Nemesio ya fito yana ɗaga hannu. Sai a bakin ƙofa wani ya tuna masa cewa jarrabawar da gudu take farawa.

Ranar gwaji rabin gari ya zo kallo. Aka ɗauko mai usur daga wata jiha, maraya marar dangi, aka jira iska ta kwanta. Zagayen farko bai ƙare ba Nemesio ya fara huci, tumbi na gaba shi yana biye. Eleuterio, mai ƙafafu kamar taɓarya, da ya so da tuni ya gama ya sha ruwa. Sai ya rage gudu ya jera da shi.

"Compadre, shaƙi iska ta hanci."

"Wuce abinka, compadre. Ba na son taimakon wanda nake ƙara."

"Ai ƙara ta ƙare. In ka faɗi a nan, comadre Chayo ni za ta kashe."

Suna cikin haka sai ga murya daga baya, wadda ta riga ta zagayo su sau biyu. "Baba, ku matsa gefe, kun tare hanya!" Maricruz ce. Ta wuce su fuu, ta kuma cinye jarrabawar rubutu. Gurbi ɗaya ne, ita ta samu.

Mataki na bakwai: Jiƙa igiya

Kotu ta saki shaida. Tun asubahin Juma'a Doña Chayo ta ɗora Saje bunsuru a wuta, ranar Asabar ana ci ana addu'ar haƙora. Eleuterio ne ya tsoma igiya a tequila. Nemesio na can kusurwa, ya sunkuyar da kai, yana fama da wata tsoka da ta ƙi taunuwa. Quiroz ya lallaɓo ya ce, "Kofur, akwai hujja mai ƙarfi. Wadda ta ci tana da dangantaka da ɗaya daga cikin masu takara." Nemesio ya ɗago ya dube shi, Quiroz ya ɗauki farantinsa ya sauya teburi.

Mariachi suka tayar da kiɗan nan na bikin sha biyar. Sabuwar saje ta taho cikin kaki, igiya uku a hannun riga, ta tsaya a kansa.

"Kofur Barragán!"

Ya zabura ya ƙame, ya sara mata, jiki ya riga ya saba. "Ranki ya daɗe!"

"Ka ce ba igiya uku, ba rawa. Ƙirga waɗannan."

"Uku ne, ranki ya daɗe."

"To miƙo hannu. Umarni ne, kuma ba a ɗaukaka ƙara." Ta rage murya yadda sai mu na kusa muka ji. "Na gaji da jira, Baba."

Ya taka, ya tattaka mata ƙafa, gwiwarsa na ƙara, hawaye na bin gashin bakinsa. Wannan karon bai ɗora wa barkono laifi ba.

Gargaɗi

Na yi maka alkawari igiya uku za su shigo gidanku, ban ce a hannun wa za su zauna ba. Duk abin da ya same ka a hanyar nan, tumbi ne, gishiri a kofi ne, karyewar haƙori a naman shaida ne, babu ruwana, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. In kuma ka ga dama ka kai ni ƙara, bismillah, Quiroz na nan saman mai takalma. Sai dai in kana da 'ya, ka taka mata rawarta tukuna, don ban san lauyan da ya taɓa ƙwato wa mutum daren da 'yarsa ta cika sha biyar ba.