Tawadar Tanimu Mai Kaji

Rumfar walda da ke bakin lungunmu a rufe take yanzu. Mai ita, yayana Sallau, ya rasu bayan ƙaramar salla. Allah Ya jiƙansa, ku taya ni da amin. Shan inna ya shanye masa ƙafafu tun yana rarrafe, sai ya tashi yana ƙera keken guragu, irin wanda ake tuƙawa da hannu. Ƙafa dai babu, amma baki kam Allah Ya ba shi na mutum uku.

Ranar sadakar bakwai maƙwabcinmu Tanimu mai kaji ya zo gaisuwa, 'yarsa Hansatu tana ta tsalle-tsalle a bayansa. Shi ya tuna mana wannan labari, muka yi dariya har muka ji kunyar masu zaman makoki.

Tanimu Bazazzagi ne, mu kuwa Kanawa, saboda haka shi da Yaya kullum cikin tsiya suke. A shekarar da abin ya faru, an sami wani yaro a unguwar da ke bayanmu ƙafarsa ta saki. Nan da nan magana ta bazu cewa wannan karon ciwon daga cikin maganin rigakafin ya fito. Tanimu ya rantse ba mai ɗiga wa 'ya'yansa komai. Ya san in an ɗiga wa yaro ana shafa masa tawada a ƙaramin yatsa, don haka ya sayo alƙalamin maka mai irin tawadar a kasuwa, ya jera yaransa ya shafe su tas. Don ya ƙara tabbatarwa, Hansatu mai shekara biyu sai da ya yi mata yatsu biyar.

Da hantsi mata masu rigakafi suka shigo lungu da akwatinsu. Tanimu ya fito da yarinyar ƙofar gida yana ɗaga hannunta sama.

"An yi mana, Hajiya, an yi mana! Ku wuce gaba."

Ina riƙe wa Yaya ƙarfe a rumfa, muna kallo. Ya kashe wutar walda ya ce, "Kai Bazazzagi, wannan rigakafi aka yi mata ko lalle?"

Tanimu ya matso yana harararsa. "Rufa min asiri, bawana. Ba ka ji abin da ya sami yaron can ba? Maganin ne ya haifi ciwon."

Yaya ya ce, "Na ji. Na ma je gidan. Yaron nan ko sau ɗaya ba a taɓa ɗiga masa ba. Ciwon da ke cikin ɗigon rarrauna ne. In ya fita ta bayan gida ya tarar an yi wa duk yaran unguwa, nan yake mutuwa. In ya tarar da irin gidanka, sai ya yi ta yawo daga wannan ciki zuwa wancan har ya yi ƙarfi. Ku ne ke kiwata shi."

"Allah ne ke tsarewa."

"Haka ne. To kajinka fa? Shekaranjiya da idona na gan ka kana bin su ɗaya bayan ɗaya kana ɗiga musu magani a ido."

Tanimu ya gyara hula ya ce, "Kaza ai dabba ce, ba ta san tawakkali ba."

Yaya ya sunkuya. Ya laluba cikin gwangwanin kayan aiki ya ciro tef ɗin awo, ya murza kekensa har gaban yarinyar. Ya auna ta daga ƙugu zuwa gwiwa, ya auna faɗin kafaɗa, ya ce ta miƙo hannu. Ita kuwa sai ƙyalƙyala dariya take, ta zaci wasa ne. Masu rigakafi suka tsaya cak.

Tanimu ya fizge ta ya rungume. "Lafiya? Me kake auna min 'ya?"

Yaya ya naɗe tef ɗinsa a hankali ya ce, "Kai ka yi tawakkalinka, ni in yi awona. Keken nata, ja za a fenta mata ko kore?"