Yadda Za Ki Kumbura Jimla Ɗaya Ta Cika Shafi

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina aiki a ɗakin taimaka wa ɗalibai da rubutu na kwalejin garinmu, nan Duluth. Ki bi matakan nan, na ba ki tabbacin sakin layinki zai cika ya tumbatsa, ko da ba ki da abin faɗa.

Mataki na 1: Ki faɗa, ki sake faɗa

"Mijina mutumin kirki ne." Madalla. Yanzu ki ce kirki hali ne da aka san mijinki da shi. Jimla biyu ke nan, ko gumi ba ki yi ba.

Mataki na 2: Ki barbaɗa kalmomin haɗi

"Bugu da ƙari", "haka zalika", "a ɗaya ɓangaren kuma". Ba sai akwai ɗaya ɓangaren ba. Malamin da ke da takarda tamanin a gabansa ba karatu yake yi ba, farautar kalmomin nan yake, yana gani yana sa maki.

Mataki na 3: Misali uku, ko na aro ne

Yana ciyar da tsuntsaye. Yana kai abincin gwangwani coci. Yana share wa tsohuwar maƙwabciya dusar ƙanƙara. Idan mijin ƙanwarki ne mai yin haka, ba komai, ba wanda zai zo gida bincike.

Mataki na 4: Ki guji gaskiya, gajeriya ce

A nan ne Lorna Pelkey ta ba ni kunya. Direbar motar 'yan makaranta ce, shekararta hamsin da biyu, ta dawo karatu tana son zama nas. Ta taɓa faɗuwa a darasin rubutu, kuma idan ta sake faɗuwa, gurbinta a ajin nas ya tafi. Aka ce ta kawo kalma ɗari biyu da hamsin a kan wanda ya canza rayuwarta. Na koya mata duk abin da na koya miki. Ta ce kalmomin haɗin nan matse ta suke kamar takalmin aro, na ce ta daure.

Ta dawo min da kalma casa'in. Wai shekara ashirin da shida mijinta Gordon yana riga ta fita ya kankare mata ƙanƙarar da ta daskare a gilashin mota. Hunturun da ya rasu ta fito da safe ta tsaya a gaban motar, sai ta ga ko inda yake ajiye abin kankarewar ba ta sani ba.

Na ce, "Lorna, saura ɗari da sittin fa."

Ta ce, "To ke ki ƙaro, 'yar uwa. Ni iya abin da ya faru ke nan."

Mataki na 5: Kada ki dogara da malami

Farfesa Halvorsen, malamin darasin, wanda kowa ya san rowarsa ta maki, ya ba ta makin cin darasin. A ƙasan takardar ya rubuta da jan biro cewa kada ta kuskura ta ƙara ko kalma ɗaya. Na ji haushi, ba zan ɓoye ba, mutumin nan ya zubar min da sana'a. Yanzu Lorna tana ajin nas, allura take koya a jikin lemo.

Gargaɗi: idan kin bi matakaina kin faɗi, ban san ki ba, ban taɓa ganinki ba. Idan kuma kin yi irin ta Lorna, kada ki kawo min in duba. Ba na son kuka a wurin aiki.